Yaya ya ce mu jira Windows 12, ni kuwa ina kallon shagonmu yana durƙushewa

Assalamu alaikum, Malam. Ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, muna da shagon kwamfuta shekara shida ke nan. Shi ya zuba jari, ni nake zama. Muna buga takardu, muna cike wa ɗalibai fom ta intanet, da yamma kuma ina koyar da yara. Kwamfutocinmu takwas ne, duk Windows 10 ke kansu. Shida daga ciki Yaya ne ya sayo su na hannu a farkon 2021, wani ɗan kasuwa ya rantse masa za su yi shekara goma, ba a jima ba aka ce ba za su ɗauki Windows 11 ba. Mun yi kusan shekara biyu muna tara kuɗin sauya su. Ana gobe zan shiga kasuwa, sai mai gyaranmu ya ce wa Yaya ya gani a intanet Windows 12 na nan tafe, har an fara aikin sabuntawarsa ta farko tun bai fito ba, wato da ciwonsa zai zo. Wai mai hankali zai jira ya fito, ya jira gyaran, sannan ya sayi kwamfuta. Yaya ya riƙe kuɗin, wata biyar ke nan. Kwamfutocin sai nauyi suke ƙarawa, masu kawo aiki sun fara komawa wani shago. Rannan raina ya ɓaci, na ce masa a gaban yaran shago bai san komai a harkar kwamfuta ba, kuɗi kawai ya sani. Tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, Hajiyarmu ma ta lura. Ga shi an yi mini tayin aiki a wani wuri. In bar masa shagon ne, ko in ci gaba da jira? Don Allah ka ɓoye sunana.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu. A karo na farko hankalina ya tafi kan kwamfutocin, a karo na biyu ya tsaya cak a inda ka ce gaisuwa kaɗai ke haɗa ku. Zan fara da maganar Windows don ita ce mai sauƙin warwarewa, amma ka sani tun yanzu ba ita ta fi damuna ba.

Mai gyaranku bai yi ƙarya ba da ya ce ana fara aikin sabuntawa tun manhaja ba ta fito ba. Inda ya kauce shi ne fassarar da ya yi wa labarin. Babbar manhaja irin Windows, wadda ita ke tafiyar da komai a cikin kwamfuta, ba ranar da aka gama ta ake kai ta kasuwa ba. Akwai ranar da kamfanin Microsoft, can Redmond a jihar Washington ta Amurka, yake rufe aikin, ya miƙa wa masu ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Lenovo don su ɗora a kan kayansu. An rufe Windows 7 ranar 22 ga Yuli 2009, amma sai 22 ga Oktoba ya shiga kasuwa. An rufe Windows 8 ranar 1 ga Agusta 2012, ya fito 26 ga Oktoba. A tsakanin nan injiniyoyi ba naɗe hannu suke yi ba. Duk abin da bai samu shiga ba kafin a rufe, da duk wata ƙaramar matsala da aka gano a makare, sai a tura su jerin aiki na gaba. Ka san tela gabanin Sallah: yana goge ɗinkin da za a karɓa yau, yaronsa na can yana yanka yadin gobe. Ganin almakashi a hannun yaron ba shaida ba ne cewa rigar da ke rataye ta ɓaci.

Ga misali biyu da za ka iya kai wa Yaya. A watan Agustan 2012, Windows 8 bai fito ba, 'yan jaridar fasaha suka fara baza labarin wani aiki da ake kira Blue. Labarin ya tabbata, shi ne ya zama Windows 8.1 a Oktoban 2013. Windows 8 ɗin kuwa jama'a da yawa ba su so shi ba, musamman saboda an cire maɓallin Start da hannu ya saba da shi, har sai da 8.1 ya dawo da maɓallin. To a watan Afrilun 2015 ma, Windows 10 bai fito ba, aka fara jin labarin aikin sabunta shi mai suna Redstone. Windows 10 ya fito ranar 29 ga Yuli 2015, Redstone ɗin ya iso ranar 2 ga Agusta 2016. Wannan Windows 10 ɗin shi ne wanda kuka ci abinci da shi shekara shida, duniya ta yi shekara goma a kansa. Ka ga jita-jita iri ɗaya ta riga wanda aka ƙi, ta kuma riga wanda aka runguma. Ba ta gaya maka ingancin abin da ke tafe, abin da take gaya maka kawai shi ne ma'aikatan suna wurin aiki.

Sai kuma shi kansa Windows 12 ɗin. A lokacin da nake wannan rubutu, Microsoft bai sanar da ranar fitowarsa ba, bai fitar da sharuɗɗan kwamfutar da za ta ɗauke shi ba. Tun 2022 ake cewa zai zo a 2024. Shekarar ta zo, abin da aka samu ranar 1 ga Oktoba 2024 sabuntawa ce ta Windows 11 mai lamba 24H2, aka sake samun 25H2 a ƙarshen Satumban 2025. Wani lokacin ma abin da kamfanin ya sanar da bakinsa ba ya zuwa: an gabatar da Windows 10X a Oktoban 2019, aka soke shi a Mayun 2021 ba tare da ya shiga kasuwa ba. Idan aka bi shawarar mai gyaranku, za ku jira ranar da babu ita a kalanda, bayan ta zo kuma ku ƙara jiran wata. Windows Vista ya fito a Janairun 2007, babban gyaransa na farko sai a 2008. Na Windows 7 bai zo ba sai Fabrairun 2011, wata goma sha shida bayan fitowarsa. Shagon da ke biyan haya da man janareta ba zai iya wannan zaman jiran gawon shanu ba.

Ranar da ta shafe ku da gaske ta riga ta wuce, kuma ban ga ka ambace ta a wasiƙarka ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta. Kwamfutocin ba za su mutu ba, za su ci gaba da kunnuwa kamar kullum, sai dai duk ƙofar da masu kutse suka gano daga ranar, a buɗe za ta zauna sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Na 'yan kasuwa dala 61 ne kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma yana ninkawa kowace shekara har shekara uku. Ka tuna abin da ke bi ta cikin shagonku a rana guda: yarinya ta zo da lambarta ta NIN a rubuce a bayan takarda, dattijo ya miƙo katin banki a biya wa ɗansa kuɗin jarrabawa, filash goma sun shiga sun fita kafin azahar. Amanar mutane ce a hannunku. A Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris aka fitar da gyaran da zai tare ta. Waɗanda ba su ɗora gyaran ba su suka sha wuya. Wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi, ta fi maganar nauyin kwamfuta da gudun masu kawo aiki, kuma ina zaton Yaya bai taɓa jin ta daga bakinka cikin natsuwa ba.

Yanzu bari in tsaya a gefen Yaya, don yana da gaskiyarsa, kuma ka taka ta. Mutumin nan ya ɗauki guminsa ya sayi kwamfuta shida a farkon 2021. A watan Yunin shekarar aka sanar da Windows 11 da sharuɗɗansa, ya wayi gari an ce kayansa ba sa ciki. Ba shi kaɗai abin ya faɗa wa ba, miliyoyin kwamfutoci masu rai da lafiya sharaɗin ya bari a baya, kuma kafin nan mutane da dama sun ɗauka daga Windows 10 ba za a sake wani ba, don wani ma'aikacin kamfanin ya faɗi mai kama da haka a 2015. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da mai gyara ya ce masa wani sabon Windows na tafe, ba maganar fasaha Yaya ya ji ba. Muryar ɗan kasuwar nan da ya rantse masa ce ta dawo masa a kunne, tare da kunyar cewa shi ya yi wancan cinikin, kuma ƙaninsa ke zaune da sakamakon kullum. Sai kai kuma, cikin fushi, ka ɗora yatsa daidai kan wannan mikin, a gaban yaran da ke gaishe shi da rusunawa. Ka ce kuɗi kawai ya sani. Kuɗin nan kuwa su suka buɗe maka ƙofar da kake zaune a ciki.

Kuma taka-tsantsan ɗinsa ba wauta ba ne. Sabon abu yakan zo da matsala. Sabuntawar Windows 10 ta Oktoban 2018 ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, sai da aka janye ta bayan 'yan kwanaki, aka sake fitar da ita ranar 13 ga Nuwamba. Mai shago da ya ƙi zama na farkon ɗora sabon abu yana da hankali. Kuskuren kawai shi ne an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Jinkirta ɗora sabuwar manhaja dabara ce mai kyau, ba ta cin ko kwabo. Jinkirta sayen kayan aiki alhali na hannunka sun gaji, wannan kullum ana biyan kuɗinsa. Windows 11 da kake son komawa kansa ma ai ba sabo ba ne, tun 5 ga Oktoba 2021 yake kasuwa, ya sha gyara. Idan ƙa'idar Yaya ita ce kada a taɓa abu sai ya kwana biyu, to ƙa'idarsa tana tare da kai.

Ba na musun ɓacin ranka. Kai kake ganin fuskar mai aiki yana jiran shafi ya buɗe, yana duba agogo, har ya ce bari ya je ya dawo, kuma ka san ba zai dawo ba. Yaya lissafin ƙarshen wata kawai yake gani. Wata biyar kana haɗiye wannan, dole wata rana ya fashe. Amma daidai a magana ba ya wanke kuskure a lafazi, kuma matuƙar kalmar nan tana tsakaninku, ko hujja ɗari ka kawo ba zai ji ba, don yarda da kai a yanzu tamkar amsa cewa shi jahili ne.

Saboda haka ka fara da ban haƙuri, kuma ka raba shi da maganar kuɗi. Ka je gidansa, ba shago ba, bayan isha'i ko da safiyar Juma'a, ka gaishe shi yadda ka saba tun kana yaro, ka ce ka zo ne kan maganar da ka faɗa, ka yi kuskure, ya yafe maka. Kada ka bi ta da "amma". Kada ka ambaci kwamfuta a wannan zaman ko da shi ya tayar, ka ce wannan sai wani lokaci. Tunda a gaban yara ka yi, akwai bashin da sai a gabansu za ka biya: ranar da ya leƙo shago ka tashi ka ba shi kujerarka, ka ce musu da bakinka wannan wurin da jarin Yaya aka kafa shi. Hajiya kuma kada ka mai da ita alƙali. Ka sanar da ita ka je ka ba da haƙuri, ka roƙi addu'arta, hankalinta ya kwanta. Idan aka sa uwa ta yanke hukunci tsakanin 'ya'yanta a kan dukiya, wanda bai samu ba yakan daɗe yana jin ciwon.

Bayan kwana biyu ko uku sai ka kawo masa shawara wadda ba ta bukatar wani ya sha kaye. Kada ka nemi kuɗin duka. Ka ce a sayi uku ko huɗu yanzu, waɗanda za su riƙe duk aikin da ya shafi intanet da bayanan mutane, sauran kuɗin su zauna a hannunsa. Ku sa wa'adi, a ce wata shida, ku duba abin da sababbin suka shigo da shi, ku duba ko akwai wata sanarwa daga kamfanin da kansa. Ta haka ya samu jiran da yake so, kai ka samu kayan aiki. Sauran biyun nan da ba sa cikin shidan, in za su iya ɗaukar Windows 11, ka ɗora musu tun yanzu, kyauta ne ga kwamfutar da ta cika sharaɗi kuma take da lasisi na gaskiya, sai dai ka kwashe fayilolinku zuwa wata ma'ajiya tukuna. Tsofaffin shida kuma ba bola ba ne. Yaron da ke koyon buga rubutu ba ya bukatar intanet, ka cire su daga layi su zama na aji. Idan kana son su ci gaba da shiga intanet, akwai manhajar Linux Mint, kyauta ce, tana samun gyaran tsaro, kuma tana tafiya da kyau a kan tsofaffin kwamfutoci. Ka gwada a kan guda ɗaya ka ga ko firintarku za ta yi aiki da ita. Yaya zai ji daɗin ganin abin da ya saya bai tashi a banza ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Ranar saye ku tafi tare, kuma wannan karon kada rantsuwar kowa ta zama hujja. Gani ya kori ji. A kunna kwamfutar a gabanku, ka buɗe bayananta ka nuna masa lambar ƙwaƙwalwarta. In ta Intel ce, lambar farko da ke bayan i5 ko i7 ita ke faɗin zamaninta: i5-6500 zamani na 6 ce, ba ta cikin jerin Windows 11, i5-8500 zamani na 8 ce, tana ciki. Daga na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar i5-1135G7 da ke zamani na 11. Zamani na 8 shi ne bakin iyaka, kuma tun 2017 ya fara fitowa, don haka in aljihu zai iya, ku haura zuwa na 11 ko na 12, ko da za ku rage yawan da za ku saya. Wannan shi ne amsar tsoron Yaya: babu mai iya ba shi tabbacin sharuɗɗan Windows na gaba, amma wanda ya tsaya nesa da bakin iyaka ya fi samun kwanciyar hankali. Ka danna maɓallin Windows da harafin R, ka rubuta tpm.msc, ka tabbatar ta nuna TPM 2.0, wato na'urar tsaron da Windows 11 ke nema. Mafi ƙarancin abin da aka gindaya shi ne ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, mai gigabait 4, da ma'ajiya mai gigabait 64, amma don aikin shago kada ram ɗin ya sauko ƙasa da gigabait 8, in da hali 16, da ma'ajiya mai sauri irin ta SSD. Ka bar Yaya ya karanta lambobin da idonsa, ya yi cinikin da bakinsa, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowace kwamfuta. Ciniki fanninsa ne, kuma kana bukatarsa a wurin da gaske.

Mai gyaranku kada ka ɗauke shi abokin gaba. Ya karanta abu ne ya faɗa da kyakkyawar niyya, kuma gobe ma shi za ku kira. Ka tambaye shi cikin mutunci a ina ya gani, ku buɗe tare, ku duba ko sanarwa ce daga shafin Microsoft ko hasashen wani ne. Abu guda dai ka tsaya a kansa: kada kowa ya ɗora muku wani abu da aka sauko da shi daga intanet da sunan Windows 12 na gwaji. A 2021, lokacin da ake ɗokin Windows 11, kamfanin tsaro na Kaspersky ya yi gargaɗi kan manhajojin bogi da ake yaɗawa da sunansa, cike da miyagun abubuwa. Mai son ganin abin da ke tafe, akwai tsarin Windows Insider da kamfanin ya buɗe tun 2014, shi ma ba a kan kwamfutar da ake karɓar katin bankin mutane ba.

Saura maganar aikin da aka yi maka tayi. Ban ce kada ka karɓa ba. Wataƙila alheri ne, wataƙila ma lokaci ya yi da za ka tsaya da ƙafarka. Amma kada ka amsa shi a wannan makon, kuma kada ka kai wa Yaya shi a matsayin barazana. In ka tafi yanzu, abin da zai zauna a zukatan 'yan gidanku shi ne ka zagi yayanka ka bar masa shago, kuma za ka ci gaba da haɗuwa da shi a ɗakin Hajiya kowace Sallah. Ka roƙi masu tayin su ba ka mako biyu ko uku. In kun shirya da Yaya, ka gaya masa labarin aikin a matsayin ƙane mai neman shawara, ku auna albashin da abin da shagon ke ba ka. In ya ƙi ko da sayen ukun nan bayan ka bi duk hanyoyin, to kana da damar tafiya, amma ka ba shi wata guda, ka koya wa babban yaronku aikin, ka miƙa lissafi a rubuce. In kuma ka zauna, ku rubuta yarjejeniya ko ta shafi guda ce: kason kowa, abin da za a ware duk wata don sauya kayan aiki, da adadin da za ka iya kashewa ba sai ka nemi izini ba. Shekara shida kuna tafiya a kan fahimtar baki, shi ya sa maganar mai gyara guda ta iya tsayar da komai.

Kafin ka je gidan nasa, ka ɗauki takarda ka rubuta aikin da ya wuce ku a mako guda, da kuɗinsa, ka ajiye ta a aljihun teburinka. Ba ta zaman farko ba ce. Zaman farko ka je da goro ko ɗan abin da ka san yaransa na so, ka zauna a ƙasa in ya zauna a kujera. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa albarka a shagon. Ka rubuto mini bayan kun dawo daga kasuwa.